Yadda malami zai gwada manhajar AI mai gani da ji kafin ya sa ta duba aikin ɗalibai

Tun ranar da na faɗa a ɗakin malamai cewa ina ɗaukar hoton takardun ɗalibaina ina tura wa manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI), tambayar ba ta yanke ba. Wani ya tare ni a bakin aji, wata ta aiko da saƙo da dare: "Malam, yaya ake yi? Da gaske za ta iya yi mini makin?" Duk wanda ya taɓa ɗaukar takardun yara saba'in ya tafi da su gida, ya kwana da jan biro a hannu, ya san abin da ya sa ake tambaya.

Manhajojin da ake magana a kansu su ne irin ChatGPT da Gemini da Claude. Ba rubutu kaɗai suke karɓa ba. Za ka iya tura musu hoton takarda, ko zane, ko shafin littafi, kuma kana iya yi musu magana da baki. Suna rage aiki, wannan na gani da idona. Amma suna kuskure cikin natsuwa, da lafazi mai tsafta, ta yadda idan ba ka shirya ba ba za ka gane ba. Shi ya sa rabin wannan jagorar a kan gwaji take: yadda za ka auna manhajar da takardun da ka riga ka san amsarsu, kafin ka bari ta taɓa makin ɗan wani. Zan yi misali da lissafin aji biyu na ƙaramar sakandare, amma malamin kimiyya ko labarin ƙasa zai iya bin matakan yadda suke.

1. Tsayar da aiki ɗaya

Kada ka ce "zan yi amfani da AI wajen koyarwa". Wannan ba aiki ba ne, buri ne. Ka rubuta abu guda: karanta rubutun hannun ɗalibai, ko gano layin da yaro ya kauce a lissafi, ko fitar da tambayoyi goma daga shafin littafi, ko mayar da bayanin darasi zuwa Hausa mai sauƙi. Kowanne gwajinsa daban. Manhajar da ta ƙware wajen fitar da tambayoyi daga bugaggen shafi tana iya rikicewa a kan rubutun yaro da fensir.

Ka fara da aikin da in ta yi kuskure kai ne za ka fara gani, ba ɗalibi ba. Aikin gida ko gwajin mako ya isa.

A kula: kada ka fara da jarrabawar ƙarshen zango, ko wani sakamako da zai shiga katin yaro.

2. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Waya mai kyamarar da ke iya ɗaukar rubutu ya fito sarai, data, caji, littafin rubutu guda ɗaya da za ka ware wa wannan aikin, farar takarda ko salatif mai kauri na rufe suna, da jan biro.

Ka sauke manhajoji biyu, ba ɗaya ba, domin sai da na biyu ake gane gazawar na farko. Dukkan ukun da na ambata suna da tsarin kyauta, kuma ya isa gwaji, sai dai suna ƙayyade yawan hotuna ko saƙonnin da za ka tura kafin su ce ka jira. Saboda haka ka raba gwajin kwana biyu ko uku. Tsarin biya na ChatGPT da ake kira Plus dala 20 ne a wata, kuɗi mai nauyi a albashin malami. Shawarata kada ka biya sai ka gama gwajin nan ka tabbatar cewa iyakar hotuna ce matsalarka, ba ingancin aikin ba.

Lissafin data mai sauƙi ne. Hoton waya yakan kai megabait 2 zuwa 4. Hotuna arba'in ke nan kusan megabait 120 idan ka ɗauki matsakaici, kuma da yake manhajoji biyu za ka tura wa, sai ka ninka.

A kula: akwai masu sayar da damar shiga asusun biya guda ɗaya ga mutane da yawa a farashi mai rahusa. Kada ka saya. Duk wanda ke cikin asusun yana ganin abin da ka tura, har da takardun ɗalibanka. Haka kuma ka duba sunan kamfanin da ya yi manhajar kafin ka sauke: ChatGPT ta OpenAI ce, Gemini ta Google, Claude ta Anthropic. Na bogi masu kama da su sun yi yawa.

3. Rufe sunan yaro kafin ka ɗaga waya

Takardar da ka ɗauki hotonta ba a wayarka take tsayawa ba, tana tafiya rumbun kamfani a wata ƙasa. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma ta nemi amincewar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanansa. Ko babu doka ma, amana ce.

Ka rufe suna, lambar ɗalibi da sunan makaranta da takarda ko salatif, ka rubuta lamba a gefe: 1, 2, 3. Jerin wanda ke da kowace lamba ya zauna a littafinka kaɗai. Kada fuskar yaro ko bajon makaranta ya shiga hoton. Ka shiga saitin manhajar ka kashe zaɓin da ke ba kamfani damar horar da na'urarsa da hirarka. A ChatGPT yana ƙarƙashin sashen "Data controls". Sannan ka sanar da shugaban makaranta abin da kake yi, tun kafin ya ji a bakin iyaye.

4. Haɗa takardun gwaji ashirin waɗanda ka riga ka duba

Wannan shi ne mudun awonka. Kamfanoni suna tallata sakamakon da manhajojinsu suka samu a manyan gwaje-gwaje. Ɗaya daga cikinsu shi ne MMMU, wanda ya fito a ƙarshen 2023, mai tambayoyi kusan 11,500 na matakin jami'a a fannoni 30, kowace da hoto ko zane. A lokacin GPT-4V, samfurin AI na OpenAI mai ganin hoto, ya ci kashi 56 cikin ɗari, na baya-bayan nan kuma sun zarce haka nesa. Sai dai tambayoyin can da Turanci suke, an ciro su daga littattafai da takardun jarrabawa. Babu rubutun yaron da ya goge da yawu ya sake rubutawa a kai, babu takardar da ta sha mai a cikin jaka. Wannan sai kai za ka gwada.

Ka zaɓi takardu ashirin na tambaya iri ɗaya, amma kada ka tsinci masu kyau kawai. Ga yadda nake rabawa: biyar masu kyan rubutu da amsa daidai, biyar masu munin rubutu da amsa daidai, biyar masu kyan rubutu da amsa kuskure, uku da aka yi gogegoge ko aka soke layi aka sake, ɗaya wadda yaron ya bi wata hanya daban da wadda ka koyar amma ya isa daidai, da ɗaya da aka bari rabi ba a gama ba.

Ka duba su da kanka, ka rubuta makin kowace da dalilinsa a littafinka. Idan akwai abokin aikin da ke koyar da darasin, ka ba shi biyar daga ciki ya duba ba tare da ya ga naka ba. Inda ku biyu kuka saɓa, can ne manhajar ma za ta fi tangarɗa, kuma alama ce rabon makinka na bukatar gyara.

A kula: ka ɗauki hoton kafin jan biro ya taɓa takardar, ko ka rubuta makin a littafinka kawai. Idan manhajar ta ga alamar daidai ko makin da ka sa, bin ka za ta yi, ka ɗauka ta iya.

5. Ɗaukar hoto

Kuskuren da ake ɗora wa manhaja, da yawansa daga hoto yake. Ka shimfiɗa takardar a kan tebur kusa da taga da rana, ba a cikin rana tsaka ba. Ka riƙe wayar daidai saman takardar, kada a karkace. Ka lura da inuwar hannunka. Kada ka kunna filashi, yana wanke rubutun fensir. Shafi ɗaya, hoto ɗaya. Ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, musamman lokacin hunturu da ƙura ke bin komai.

Bayan ka ɗauka, ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi da yatsa. In kai ba ka iya bambance 1 da 7 ko alamar ragewa da ɗigon datti ba, ita ma ba za ta iya ba, sake ɗauka. Manhajar Google Drive ta Android tana da wurin sikanin takarda, tana miƙar da gefuna ta ƙara wa rubutu haske.

A kula: idan wani ne ya ɗauko maka hoton ya turo ta WhatsApp, manhajar tana matse hoto ta rage masa inganci. Ka ce ya turo shi a matsayin fayil ɗin takarda, ba a matsayin hoto ba.

6. Ka sa ta kwafa tukuna, kada ta yi hukunci

A nan mafi yawan mutane suke tsallake, kuma a nan ɓarnar take. Sai mutum ya tura hoto ya ce "duba wannan ka ba da maki". Manhajar ta dawo da bayani mai tsari, har da yabo ga ɗalibi. Amma ba ka san abin da ta karanta ba, balle ka san ko hukuncinta a kan rubutun yaron ne ko a kan abin da ta zata ya rubuta.

Ka fara da umarni irin wannan: "Wannan rubutun hannun ɗalibi ne. Ki kwafa shi layi bayan layi daidai yadda yake, har da kurakuransa. Kada ki gyara komai, kada ki warware tambayar. Duk inda ba ki iya karantawa ba, ki rubuta 'ban gane ba' a wurin maimakon ki yi hasashe. Abin da aka soke ki nuna cewa an soke shi."

Bari in nuna dalili da wata takarda da ba na mantawa da ita. Tambayar ita ce 2x − 7 = 11. Wata yarinya mai tsaftar rubutu ta rubuta a layi na biyu 2x = 11 − 7, wato ta ƙetarar da bakwai ba ta sauya alamarsa ba. Daga nan ta samu 2x = 4, ta kammala da x = 2. Da na tura hoton na nemi maki kai tsaye, manhajar ta ce amsar ƙarshe ba daidai ba ce, amma layi na biyu daidai ne, yarinyar wajen haɗa lamba ta yi kuskure. Da na koma na ce ta kwafa kawai, sai ga shi ta rubuta 2x = 11 + 7. Ta gyara wa yarinyar kuskurenta a ɓoye, domin ta san abin da ya kamata ya kasance a wurin. Da na bi ta, da na ba da makin hanya inda bai cancanta ba, kuma mafi muni, da na tura yarinyar ta je ta koyi tarawa, alhali ciwonta sauya alama ne.

Wannan ɗabi'arsu ce: an horar da su a kan rubuce-rubucen da yawancinsu daidai suke, don haka idonsu yana karkata zuwa ga daidai. Ga mai neman amsa wannan alheri ne, ga malami kuwa kuskuren shi ne abin da yake nema.

Ka ɗora abin da ta kwafa kusa da takardar asali, ka bi da yatsa. Ka fi sa ido a kan alamar tarawa da ragewa, ƙaramar lambar da ke saman harafi, layin kaso, ɗigon desima, da lambobin da ke kama da juna a rubutun yara: 1 da 7, 4 da 9, 5 da harafin s, 2 da z, da x wanda wani lokaci alamar ninkawa ce. Duk inda ta kuskure, ka gyara mata a rubuce kafin ka wuce.

A kula: kowace takarda ka buɗe mata sabuwar hira. Idan ka jera takardu da yawa a hira ɗaya, takan cakuɗa aikin yaro na uku da na bakwai.

7. Ba ta tambayar, amsarka da rabon maki

Sai kwafin ya daidaita za ka nemi hukunci. Kada ka bar ta ta ƙirƙiro nata ma'aunin. Ka rubuta mata tambayar, cikakkiyar amsar da kake so, da yadda ka raba maki. Malaman da suka taɓa duba takardun WAEC ko NECO sun san tsarin: M na hanya, A na amsa daidai wadda ta biyo bayan hanya, B na abin da ke tsaye da kansa. A misalinmu, M1 ga 2x = 11 + 7, M1 ga raba ɓangarorin biyu da 2, A1 ga x = 9. Yarinyar can ta rasa na farko, ta samu na biyu tunda ta raba daidai, ta rasa na uku: ɗaya cikin uku.

Ka ƙara da cewa: "Ga kowane maki da kika ba da ko kika hana, ki kawo layin da ɗalibin ya rubuta a matsayin hujja. Idan ya bi wata hanya daban mai inganci, ki faɗa mini, kada ki hana shi maki don kawai ba irin tawa ba ce."

Idan takardun da Turanci suke, ka gwada rubuta umarnin da Turanci a wasu, da Hausa a wasu, ka ga ko sakamakon ya bambanta. Umarnin da ya fi aiki ka ajiye shi a wayarka, ka riƙa liƙa shi ba sauyi, domin in kalmomi suna canzawa kullum ba gwaji kake yi ba.

8. Rubuta sakamako ka ƙirga

Ka ja layi a littafinka, gida shida: lambar takarda, makinka, makin manhaja ta farko, makin ta biyu, ko kwafin ya yi daidai, da irin kuskuren. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Takarda ɗaya da manhajar ta burge ka a kanta takan shafe tunanin uku da ta ɓata.

Da ka gama ashirin ɗin, ka ƙirga abu uku. Nawa ta kwafa ba kuskure? A nawa makinta ya zo daidai da naka? A nawa ta nuna ainihin layin da yaron ya kauce? Na ukun ya fi na biyu muhimmanci, don maki yakan zo daidai bisa dalilin da ba shi ba.

Sannan ka duba inda kurakuran suka taru. A ce ta dace a goma sha bakwai cikin ashirin. Lambar tana da daɗin ji. Amma idan ukun da ta ɓata duk daga cikin masu munin rubutu da amsa daidai ne, to uku cikin biyar ke nan na wannan rukunin, kuma ma'anarsa ita ce za ta riƙa zaluntar yaran da suka san darasi amma hannunsu bai faɗa ba. Irin waɗannan yaran sau da yawa su ne waɗanda ba su samu firamare mai kyau ba, ko suke rubutu a kan gwiwa saboda babu benci. Ba su ne ya kamata su biya kuɗin saukinmu ba.

Ka raba kurakuran gida biyu: wanda ta ƙara wa yaro maki, da wanda ta rage masa. Kuma inda kuka saɓa, ka sake duba takardar da zuciya ɗaya. Wani lokaci ita ce ke da gaskiya, kai ne gajiya ta sa ka tsallake layi.

9. Maimaita, sannan ka ja da ita

Ka ɗauki takardu biyar, ka tura kowace sau uku a sabuwar hira, da umarni iri ɗaya. Waɗannan manhajoji ba sa ba da amsa iri ɗaya kullum. Idan takarda ɗaya ta samu 1, ta samu 2, ta sake samun 1, to ba za ka iya kare makin ba ranar da uban yaro ya zo tambaya.

Gwaji na biyu: a takardar da ta duba daidai, ka ce mata, "Anya? Ni ina ganin yaron nan ya samu amsar." Ka ga ko za ta tsaya a kan hujjarta ko za ta ba ka haƙuri ta juya. Da yawa suna juyawa don su faranta wa mai tambaya. Idan taka mai juyawa ce, ka san cewa amincewarta da ra'ayinka ba shaida ba ce, kuma ɗalibin da zai yi gardama da ita a gida zai iya sa ta tabbatar masa da kuskure.

10. Zane, jadawali da taswira gwajinsu daban

Iya karanta rubutu ba ya nufin iya ganin zane. Suna iya ba da kyakkyawan bayani a kan zuciyar ɗan'adam, amma su kasa faɗin wace kibiya ce ke nuna wane sashe a zanen da ke gabansu. Ƙirga abubuwa masu yawa, karanta agogo mai hannu, karanta ma'aunin da ke jikin rula, da bin layi a kan takardar giraf, duk wuraren da suka saba tuntuɓe ne.

Ka ɗana mata tarko uku da hannunka. Zana alwatika ka rubuta kusurwoyinta 70, 60 da 60, ka tambaye ta ko akwai matsala. Jimillarsu 190 ce maimakon 180. Zana ɗigo goma sha bakwai a warwatse ka ce ta ƙirga. Zana taswirar Najeriya ka musanya sunan kogin Neja da na Binuwai, ka ce ta duba aikin ɗalibi. Kafin kowace tambaya, ka sa ta fara bayyana abin da take gani, lamba bayan lamba, kamar yadda ka yi da rubutu.

A kula: kada ka raba wa ɗalibai zanen kimiyya ko taswirar da manhaja ta zana maka ba tare da ka gwada shi da na littafi ba. Hoton yakan yi kyau a ido, sunayen sassan kuma su zauna a inda ba wurinsu ba.

11. Hausa, ajami da murya

Hausarsu ta fi ta da kyau, amma har yanzu ba ta kai Turancinsu ba. Abu na farko da za ka gwada shi ne haruffa masu lanƙwasa. Ka rubuta da hannu: "baƙi sun zo" da "baki ya bushe", "ƙasa" da "kasa", "ƙarya" da "karya". Ka ɗauki hoto ka ce ta kwafa. Idan ta zubar da lanƙwasar, malamin Hausa ba zai iya dogara da ita wajen duba ƙa'idojin rubutu ba, tunda abin da zai duba shi take sharewa.

Idan fassarar bayanin darasi kake so, ka karanta abin da ta fitar da ƙarfi, kamar kana gaban aji. Kunnenka zai kama jimlar da Turanci ke kwance a ƙarƙashinta, da kalmar da ta ƙirƙiro wadda babu Bahaushen da ke faɗinta. Ka ba ta jerin kalmomin da kake amfani da su a aji, kamar tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, ka ce ta tsaya a kansu.

Malaman Islamiyya su yi hattara ninki biyu. Rubutun ajami takan ɗauke shi Larabci ne, ta karanto kalmomin Larabcin da babu su a takardar. Rubutun allo irin na tsangaya kuma, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙafun ke da ɗigo ɗaya a sama, ya saɓa da bugun da ta fi sabawa da shi. Aya ko hadisi kuwa kada a karɓa daga bakinta sai an gwada da Mus'hafi ko littafin asali.

Game da murya, ka naɗi kanka kana karanta sakin layi ɗaya da Hausa a wuri shiru, ka ga abin da za ta rubuta, sannan ka sake a cikin hayaniyar aji. Muryar yara ta fi ta manya wahalar kamawa, kuma naɗar muryar ɗalibi ma tana bukatar izinin iyaye kamar takardarsa.

12. Yanke shawara, sannan ka shiga da ita aji

Yanzu littafinka zai faɗa maka abin yi. Ga ma'aunin da nake bi, kai ma kana iya tsaurara naka. Idan kwafinta ya yi daidai a aƙalla goma sha takwas cikin ashirin, kuma makinta bai yi yawo ba da aka maimaita, ina amfani da ita ta yi mini duban farko a aikin gida, ni kuma in bi kowace takarda in tabbatar kafin in sa jan biro. Idan kwafin yana da kyau amma makin yana yawo, ina barin ta a aikin tattara kurakurai kawai: in ba ta kwafin aji duka in ce ta faɗa mini kuskure uku da suka fi yawa, in gina darasin gobe a kansu. A gaskiya wannan ne amfanin da na fi samu, ya fi makin kansa. Idan kuma kwafin ma ya gagara, sai in mayar da ita ga bugaggen rubutu: fitar da tambayoyi daga shafin littafi, waɗanda zan warware da kaina kafin in rubuta a allo.

Ka auna lokaci ma. Ɗaukar hoto, turawa, jira da tabbatarwa suna cin minti. Ga tambaya gajera mai layi uku, hannunka ya fi sauri. Ribar tana fitowa ne a doguwar amsa da kuma rubuta wa kowane yaro bayanin gyara.

A kula: kada ka tura aikin ɗalibi ka tambayi manhaja ko AI ce ta rubuta masa. Ba ta da hanyar sani, hasashe za ta yi. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye manhajarsa ta gano irin wannan rubutu a watan Yulin 2023 saboda ƙarancin dacewarta. In kana zargi, ka kira yaron ya warware irin tambayar a gabanka.

Idan ɗalibai ne za su riƙe wayar, ka duba shekaru. Hukumar UNESCO, a jagorar da ta fitar a watan Satumban 2023, ta ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji. Ƙa'idar ChatGPT ita ma 13 ce, tare da izinin iyaye ga wanda bai kai 18 ba, Claude kuwa ta 'yan 18 zuwa sama ce. Ka koya musu su ɗauki hoton aikin da suka yi su ce "nuna mini layin da na kuskure, kada ki ba ni amsa", maimakon ɗaukar hoton tambayar tsura.

Takardun nan ashirin kada ka yar da hotunansu. Ka ajiye su a jaka ɗaya a wayarka tare da umarnin da ka tsayar. Kamfanonin suna sauya na'urar da ke bayan manhajar ba tare da sunan da ke fuskar wayarka ya canza ba, kuma tsarin kyauta yakan mayar da kai kan ƙaramar na'ura idan ka cinye kasonka na ranar. A farkon kowane zango ka sake tura ashirin ɗin, ka cike sabon shafi a littafin, ka gwada da na baya. Duk takardar da ta ruɗe ta a tsakiyar zango, ka rufe sunan, ka ƙara ta cikin jakar ta zama ta ashirin da ɗaya.